Yadin Fuskar Akwatunan Yaya Habu

Tun ranar da na sa aka fito mini da akwatunan nan biyu daga ɗakin shirgi, jikata Nana ta sa ni gaba. Ta zagaya su, ta riƙe ƙugu, ta ce, “Kaka, waɗannan kuma fa? Akurkin kaji za ki yi da su?” Na ce mata lasifikoki ne, kuma sun girmi ubanta nesa ba kusa ba, don haka ta durƙusa ta gaishe su. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta zaro wani ɗan abu daga jakarta wanda bai fi sabulun wanka ba, ta ce wannan ya fi su ƙara. Ƙila gaskiyarta ce. Ni dai ban tsaya musu da ita ba, na ce ta miƙo mini wuƙa da guduma, yadin fuskarsu zan sake.

Akwatuna ne na katako mai nauyi, kowanne ya kai ƙugun babban mutum. A gabansu akwai siririn katako mai kusurwa huɗu da ake ɗaura wa yadi, shi ke rufe baƙin bakin da murya ke fitowa, don kada ƙura ta shiga ko yaro ya zura yatsa. Yadin ya daɗe da tashi daga fari ya koma launin ƙasa, asu ya ci gefe, ɓera ya yi tasa ƙofar a tsakiya. Da na sa bakin wuƙa na ɗaga ƙusar farko, sai ƙanshin tsohon katako ya bugo ni, hannuna ya tsaya. Nana ta zaci ƙarfi ne ya gaza. Ba ƙarfi ba ne, gidanmu ne na cikin gari ya dawo mini gaba ɗayansa, har da mutanen ciki.

Gidan da na tashi a ciki ba ya rabuwa da sauti, amma kowane sauti ka san mai shi. Kafin rana ta fito za ka ji guga ya faɗa rijiya, ka san Inna ce, don ita kaɗai ke sakin igiya a hankali. Sai luguden daka daga maƙwabta, taɓarya biyu suna amsa wa juna, wata ta jefa tata sama ta tafa kafin ta cafe. Sai tumakin Baba, wanda fataucin dabbobi ne sana'arsa, suna kuka a turke in Lahadi ta gabato, kai ka ce sun san Mai'adua za a kora su. Da hantsi masu nono su shigo daga rugage, muryarsu ta riga su shiga zaure. Abin da mutum ɗaya ya ji, duk gida an ji. In aka yi dariya a ɗakin Baba, sai ka ga mai tankaɗe a tsakar gida ita ma tana murmushi, ko da ba ta san me aka faɗa ba. Yanzu kuwa ina zaune cikin jikoki, kowa ya toshe kunne da ɗan farin abu yana dariya shi kaɗai. Ga babura a waje, ga janareta a bayan ɗaki, ƙara ta yi yawa, amma ba abin da muke ji tare. Wannan shi ke sa ni kewar da, fiye da arahar kaya da sa'annina ke ta ambato.

Akwatunan na yayana ne, Yaya Habu, ɗan fari a wurin Inna. Sai na yi wa na yanzu bayani, don su ba su san wannan ba. A zamaninmu, a gida irin namu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta zama inda yake, ko kallonsa ba ta yi in da idon mutane. Kunya ce, kuma ana yabon mace da ita. Ana yaye Yaya Habu, yayar Baba, Gwaggo Tabawa, ta goya shi ta tafi da shi Sandamu, can ya yi wayo, sai da ya isa makaranta ya dawo Daura. Gwaggo kan cika baki ta ce “ɗana Habu” a gaban kowa. Inna kuwa, wadda ta haife shi, in ya zama dole ta ambace shi sai ta ce “wancan”, daga baya ta koma ce masa “mai akwatuna”. In ya shigo gaisuwa ya durƙusa a bakin madafa, baya take ba shi, ta amsa a taƙaice tana tuƙi. Amma ni da nake raba tuwo na sani, a kwanonsa ne kullum man shanu ke kuskuren zuba da yawa.

Shi kuwa Allah ya zuba masa baki. In ya fara magana ba ya tsayawa, sai dai ka tashi ka bar shi. Baba kan ce ko mai wa'azi yana tsayawa ya kurɓi ruwa, amma ban da yaron nan. Hannunsa kuma ba ya ganin abu mai waya ya ƙyale, rediyon unguwa duk ta wurinsa suke bi. Bakunan lasifikar a wurin wani direba mai shiga Nijar ya samo su, ya kai wa kafinta suka ƙera musu gida, ya haɗa su da rikoda da batirin mota. Ranar da zai sa musu yadi, ya tara ƙyallaye iri-iri, yana ɗaukar kowanne ya kara a baki ya hura, tafin hannunsa na ɗaya gefen. Na tambaye shi ko tofi yake yi musu. Ya ce, “Ke Auta, zo ki gwada. In numfashinki bai taɓa hannunki ba, murya ma ba za ta wuce ba. Wannan yadin ba don ado ake sa shi ba.” Ya nuna mini yadda ake ja: a kafa ƙusa a tsakiyar sama, a ja ƙasa a kafa, sai dama, sai hagu, a bi a hankali zuwa kusurwa don kada zaren ya karkace. Na koya ne kawai don ina son zama kusa da shi.

Da shekarun ƙarancin ruwa suka zo, dabbobi suka rame, kasuwa ta mutu, sai ya bi masu zuwa Makka. Ya ce in ya sauke farali zai zauna ya yi gyaran rediyo na ɗan lokaci, ya dawo da abin da zai tayar da gida. Ana gobe zai tafi, ya kwashe akwatunan daga ɗakinsa na zaure ya kai ɗakin Baba, ya yi ta jujjuya su, ya fita tsakar gida ya saurara, ya dawo ya ƙara gyarawa. Baba ya ce ya daina ɓata masa daɓe. A ƙarshe ya bar su sun fuskanci ƙofa, ƙofar kuwa tana kallon madafa. Ya ce mini, “Kada ki bari a juya su.” Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba, don na sani.

A lokacin ba waya. Wanda ke can, in yana so a ji shi, muryarsa yake ɗauka a kaset, ya ba alhajin da zai dawo ko wani matafiyi. Kaset ɗin Yaya Habu kan zo jefi-jefi, wani lokaci sai damina ta shiga ta fita ba a samu ba. Ranar da ya zo kuwa gidanmu kamar ana suna. Bayan la'asar maƙwabta su cika ɗakin Baba har bakin ƙofa, a kunna, sai ga shi yana gai da kowa da sunansa, yana tsokanar tsofaffi, yana ba da labarin raƙuman da ke hawa mota da burodin da ya kai tsawon hannu. Inna ba ta taɓa leƙowa ba. A ranar ne aikin madafa ke yi mata yawa. Amma wuta kan mutu a murhu ba ta lura ba, taɓarya kuma ba a ɗaga ta sai an kashe rikoda. In ya zo kan gaisuwarta, shi ma ba ya kama suna, sai ya ce, “A gai da mutanen madafa, a ce musu ina nan lafiya lau, ina ci ina ƙoshi.” Wannan 'yar maganar ita ke riƙe Inna har wani kaset ɗin ya zo.

Sai aka yi wani dogon shiru wanda ya fi na kullum. Alhazai suka dawo ba saƙo. Inna ta rage ci, ba ta ce wa kowa komai ba, ba ta kuma da ikon tambaya. Can sai labari ya zo cewa wani mutumin Zango ya sauka, yana ɗauke da kaset ɗinmu, zai kawo ran Juma'a. Gwaggo Tabawa na ji ta hau motar kasuwa ta iso da ƙunshinta. Ta shiga ɗakin Baba don ta ga inda za a zauna, idonta ya faɗa kan akwatunan. Yadinsu ya ɗan yi duhu, gefe ɗaya ya yage. Ta tafa hannu ta yi salati. “Yanzu ta cikin wannan tsumman muryar ɗana za ta fito, a gaban baƙi? Ku dai mutanen gidan nan ba ku san darajar abu ba.”

A wurin matan zamaninmu, abin da kake so rufe shi kake yi, kuma gwargwadon sonka gwargwadon kaurin rufin. Kwalla a rufe ta da saƙar tuma-ƙasa, ƙwaryar fura a rufe ta da faifai, jariri a naɗe shi har sai ya yi gumi. Gwaggo ta kwance ƙunshinta ta fito da wani gwado saƙar hannu, mai ratsin baƙi da ja, wanda ta daɗe tana ɓoyo. Ta yanka shi ba ko ɗar, ta ninka biyu, ta sa kwali a baya don ya tsaya ƙyam, ta kira kafinta ya buga. Na buɗe baki na ce, “Gwaggo, Yaya ya ce...” Ta ce, “Yaya ya ce me? Ni na goya shi ko ke?” Na dubi Baba, Baba ya dubi rufin ɗaki. A gaban dillalan shanu yana da baki, amma ban da gaban yayarsa. Maganar gaskiya, akwatunan sun yi kyau, kowa ya shigo sai ya shafa.

Ran Juma'a ɗaki ya cika, aka kunna. Muryar ta fito, amma kamar mutum na magana daga cikin rumbu. Waɗanda ke kusa suna ji, suna dariya, Gwaggo a gaba tana amsa masa, “Na'am ɗana, lafiya lau, Allah ya yi maka albarka.” Baba ya ƙara murɗa rikoda, gunjin ya ƙaru, kalmomin ba su ƙaru ba. Ni da nake bakin ƙofa sai na waiwaya. Inna na zaune a kan 'yar kujerarta, ta karkato kai, ta ɗan ɗage ɗankwali daga kunne ɗaya. Na taka na je kamar zan ɗauki moɗa, na tsaya kusa da ita na saurara. Ba abin da ke isowa sai gum-gum. Da aka watse, mata suka biyo ta madafa suna yi mata barka, “Yana nan lafiya, ya gaishe ku.” Ta ce madalla, ta ci gaba da kwashe tuwo. Malmala ɗaya ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa.

Aka sake kunnawa washegari don waɗanda ba su samu zuwa ba, haka dai aka sake yi. Inna ta jira wata da watanni, ga muryar ta zo har cikin gidanta, amma kunya ta hana ta takawa zuwa ɗakin, ta kuma hana ta cewa ba ta ji. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a kwanakin nan ba. Haushi kuma ya cika ni, na Gwaggo, na Baba, har na ita Innar. Da hantsi na sami Gwaggo tana kaɗi a inuwa, na durƙusa na ce, “Gwaggo, gwadon nan ya yi kyau.” Ta ce, “Da ma na gaya miki.” Na ce, “Sai dai sautin ba ya kaiwa madafa.” Ta tsayar da mazari. Ta dube ni, ta dubi ɗakin Baba, ta dubi madafa inda Inna ke tsintar wake ta ba mu baya. Gwaggo mace ce mai faɗa, amma ba muguwa ba ce, kuma ita ma ta yi haihuwar fari, an ɗauke an kai wani gida. Ta ce, “Tashi ki ɗauko wuƙa, ja'ira mai bakin yayanta. Gwadona kuma ki ciro shi a hankali, matashi zan yi da shi.”

Cirewa ba wuya, abin da za a mayar ne ya zama aiki, don tsohon yadin kafinta ya riga ya yayyaga shi. Muka zazzage kayan Gwaggo da nawa. Atamfa, na hura, shiru. Shadda, ko alama. Gwaggo ma ta shiga hurawa, kumatu a kumbure, tana tsaki tana jefarwa, har muka fashe da dariya. Muna cikin haka Inna ta zo wucewa za ta rijiya. Ba ta dube mu ba, ta ajiye wani abu a kan turmi ta yi gaba. Ƙyallen tatar kamu ne, sabo, fari, shara-shara, wanda ta saya ta adana don azumi. Na kara a baki na hura, iska ta taɓa tafina. Gwaggo ta ce, “Oh ni Tabawa, muryar ɗana a matacin koko!” Amma ita ta riƙe mini gefe na ja. Tsakiyar sama, tsakiyar ƙasa, dama, hagu, na bi har kusurwa, na buge yatsana ya fi a ƙirga.

Da la'asar mu kaɗai ne a ɗakin, Baba da Gwaggo da ni. Na danna. Wayyo, sai ga Yaya Habu ya cika gida! Komai ya fito tar, har ƙarar mota a bayansa da kiran salla can nesa. Gwaggo na dariya tana share hawaye, Baba na gyaɗa kai. Ya gai da na gaisarwa, ya tsokani na tsokana, ya zo kan mutanen madafa ya ce yana nan lafiya lau. Na ce a raina alhamdu lillahi, yau Inna za ta ci abinci. Sai bakin ƙofa ya yi duhu. Inna ce tsaye, muciya a hannu. Tun da aka kawo akwatunan ɗakin ba ta taɓa shigowa ana kunna su ba. Ta wuce Gwaggo, ta wuce Baba, ta durƙusa dab da farin ƙyallen, ta ce mini, “Mai da shi baya.”

Na mayar, muka sake ji. A karo na biyun ne ni ma na lura da wani ɗan sauti, ƙas, sai magana ta ci gaba, can kuma ƙas. Ƙarar maɓallin rikoda ce in an kashe an sake kunnawa. Gwadon ya haɗiye ta, ƙyallen tata ya bar ta ta wuce. Ya ɗan yi magana, ƙas. Ya fara dariya, kafin ta ƙare, ƙas. In ya dawo kuma muryar kan fito a dushe, sannan ta washe. Inna ta ɗago kai ta dubi Baba ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, “Malam, yaushe yaron nan ya taɓa tsayawa in yana magana? Tari yake yi, yana kashewa don kada a ji. Habu ba shi da lafiya.” Ba maganar ciwon ce ta fara dukanmu ba, sunan ne. Gwaggo ta sa hannu ta rufe baki. Baba ya ce ƙila batir ne ke ba shi wahala. Inna ta ce, “Ba batir ba ne.”

Baba bai sake musu ba. Lahadin da ta biyo ya kora bijimin da ya fi so zuwa Mai'adua, don a haɗa guzurin da zai dawo da yaron, a ba mutumin Zango tun da komawa zai yi. Aka sayo sabon kaset don a mayar da amsa. Baba ya yi nasa jawabin, Gwaggo ta yi nata, rabi faɗa rabi addu'a, ni ma na sa baki. Mun gama, ina shirin cirewa, Inna ta ce, “Bar shi. Nuna mini inda ake dannawa, ku fita.” Muka fita tsakar gida muka tsaya cirko-cirko. Ba ta daɗe ba ta fito, ta naɗe kaset ɗin da kanta a takarda, ta ɗaure da zaren kaɗinta, ta yi masa irin ƙullin da take yi wa ƙunshin daddawa. Ba wanda ya tambaye ta abin da ta ce.

Daga nan sai jira. Kullum Juma'a Inna ta dama fura ta aika masallaci sadaka. In mota ta tsaya a ƙofar gida, sai ka ga hannunta ya tsaya a kan abin da take yi. Gero ya yi bununi, aka yi girbi, aka ɗaure, aka kai rumbu. Wata safiya mutumin Zango ya yi sallama, shi da limamin unguwarmu, kuma duk wanda ya ga baƙo ya biyo ta wurin liman kafin ya zo gidanka, ya san abin da ya kawo shi. Ciwon ƙirji ne. Mutumin ya ce ko da ya isa can, an riga an kwana biyu da binne Yaya Habu. Ya kawo jakarsa, 'yan riguna da kayan gyaran rediyo. Gwaggo ta faɗi tana birgima, mata suka riƙe ta. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, uwar fari ba ta yi. Ta sa hannu cikin jakar, ta lalubo ƙunshin kaset ɗin nan, ta juya shi ta dubi ƙullin. Yana nan yadda ta ɗaure. Ta soke shi a ƙugun zaninta ta koma madafa, don masu ta'aziyya za su ci abinci. Har ta koma ga Allah ban sake jin sunan a bakinta ba, ba a kuma sake kunna akwatunan ba.

Bayan rasuwarta na tsinci ƙunshin a ƙasan kwallarta. Ya bi ni duk inda na zauna, ban taɓa kwance shi ba, ina ganin ba ni aka yi wa ba. Amma bana ƙafafuna sun fara gaya mini gaskiya, na ga in ban ji ba, ba wanda ya rage da zai gane muryoyin da ke ciki. Shi ya sa na sa aka fito da akwatunan. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya zo ya duba, ya ce bakunan lafiyarsu ƙalau, ya haɗa su da wata tsohuwar rikoda da ya tono a shagonsa. Ya kawo wata baƙar raga da ya ce ita ake sawa yanzu, ya ce nan take zai gama. Na gode masa na sallame shi. Na aiki Nana ta sayo mini ƙyallen tata, ta dawo tana mita, wai sai da ta zagaye kasuwa kafin ta samu, kowa ya koma rariyar roba.

Tana riƙe mini gefe tana amsa waya. Uwarta ce daga Kano, ina jin ta tana cewa, “Nana tawa, kin ci abinci?” Ita kuwa Nana 'yar fari ce. Da can sai in ce zamani ya lalace, ba kunya. Yanzu ban san me zan ce ba. Ina kewar kunyar nan, don da ita aka raine mu, kuma na ga son da ke ƙarƙashinta da idona. Amma na ga abin da ta ci wa Inna. Muka ja, muka kafa, yadin ya ɗan karkace a kusurwa ɗaya don idona ba kamar da ba. Na bar shi haka.

Ƙullin ya ƙi kwancewa, zaren ya bushe, sai da Nana ta sa haƙori. Ta saka kaset ɗin, ta danna, ta zauna a gefena tana murmushin mai jiran abin dariya. Sai ga Baba yana gyaran murya, yana ce wa ɗansa ya bar komai ya taho. Sai ga Gwaggo tana zaginsa tana sa masa albarka. Sai wata yarinya mai rawar kai tana roƙon a taho mata da turare. Nana ta dafa ni ta ce, “Kaka, ke ce wannan?” Na ce ni ce. Daga nan sai shiru, dogo. Ana jin zakara na cara a tsakar gidan da yanzu aka rushe aka yi shaguna, ana jin numfashin mutum kusa da rikoda. Nana ta miƙa hannu za ta kashe, na riƙe ta.

“Habu,” in ji Inna. Ta tsaya. “Habu, ni ce. Na ji ka. Ka dawo gida haka nan.”

Nana ta jira, zaren kaset na ta tafiya ba komai. Ta ce, “Kaka, shi ke nan?”

Na ce shi ke nan. Iyakar abin da ta taɓa ce masa ke nan da sunansa, kuma ni da Nana ne muka fara ji.